Ƙuri'ar jin ra'ayi, kasuwar caca ko surutun intanet: wanne ya kamata ka bi wajen hasashen zaɓe?

A jajibirin zaɓen shugaban ƙasar Amurka na ranar 5 ga Nuwamba 2024, duk wanda ya buɗe shafin FiveThirtyEight, wanda a lokacin yake tattara ƙuri'un jin ra'ayin jama'a yana fitar da hasashe, ya tarar da kunnen doki tsakanin Kamala Harris da Donald Trump, hamsin da hamsin. Wanda ya leƙa Polymarket, inda mutane ke zuba kuɗi a kan sakamakon zaɓe, ya ga an ba Trump kusan kashi 60. Wanda ya shiga X ko TikTok kuwa, abin da ya gani ya danganta da waɗanda yake bi, domin kowane ɓangare ya riga ya rantsar da gwaninsa. Trump ya ci da wakilan zaɓe 312 (wakilan jihohi da su ke zaɓen shugaba a tsarin Amurka), Harris na da 226, ya kuma kwashe duka jihohi bakwai na raba gardama. Gari na wayewa aka shiga shela cewa ƙuri'ar jin ra'ayi ta mutu, kasuwa ta gaje ta.

An yi gaggawar yi mata jana'iza. Hanyoyin nan uku kowacce da abin da take aunawa, kuma ɗan jarida, ko ɗalibi mai rubuta kundi, ko ɗan kasuwar da ke son sanin inda dala ta dosa kafin ya yi odar kaya, gara ya san tambayar da kowacce ke iya amsa masa kafin ya jingina da ita.

Kasuwar da ake cinikin nasara da faɗuwa

Ga yadda abin yake. Ana sayar da wata yarjejeniya da ke cewa idan wane ya ci zaɓe, mai riƙe da ita zai karɓi dala 1, idan kuwa ya faɗi, ya tashi a tutar babu. In ana cinikinta a kan senti 60, masu saye da masu sayarwa sun tsaya ke nan a kan cewa yiwuwar nasararsa kashi 60 ce cikin 100. Wanda yake ganin an raina ɗan takarar sai ya saya, farashi ya ɗaga. Wanda yake ganin an zuzuta shi sai ya sayar, farashi ya sauka. Kafin wani ya ɗaga min yatsa: eh, caca ce, kuma hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Maganata a nan ta karanta farashin ce, wanda kowa ke iya gani kyauta a shafukansu ba tare da ya saka ko sisi ba.

Sana'ar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake cacar zaɓe a kewayen Wall Street, jaridun New York na buga farashin kamar na hannun jari. A 1988 Jami'ar Iowa ta buɗe tata kasuwar don bincike, ta hana kowa zuba fiye da dala 500. Betfair ta zo a Birtaniya a 2000, PredictIt a 2014 da iyakar dala 850, sai Polymarket a 2020 mai aiki da kuɗin kirifto ba tare da wata iyaka ba. A zaɓen 2024 an yi cinikin sama da dala biliyan 3 a Polymarket a kan kujerar shugaban ƙasa kaɗai, kuma makonni kaɗan kafin zaɓen kamfanin Kalshi ya yi nasara a kotu, aka ba shi damar buɗe irin wannan ciniki ga Amurkawa.

Babban abin da kasuwa ta fi sauran da shi sauri ne. A daren 27 ga Yuni 2024, lokacin da Joe Biden ya riƙa kame-kame a muhawararsa da Trump, farashinsa ya fara zubewa tun ba a tashi daga muhawarar ba. Masu ƙuri'ar jin ra'ayi sai da suka ɗauki kwanaki suna kiran mutane, suna tace amsoshi, kafin su fito da alƙaluma. Sannan akwai tambayoyin da ba ka da wanda za ka yi wa su a titi. Biden zai janye ko ba zai janye ba? Talakan Ohio bai sani ba, amma kasuwa ta sa wa tambayar farashi, farashin na ta hawa har ya janye ranar 21 ga Yuli. Masu kare kasuwa suna ƙarawa da cewa mutum na iya yi wa mai tambaya ƙarya ta waya, amma ba ya yi wa aljihunsa.

To, aljihu ma yana ruɗuwa. Ranar 23 ga Yuni 2016 da Birtaniya ta yi ƙuri'ar raba gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai, kasuwanni sun ba ɓangaren zama rinjaye mai yawa, har fam ya hau zuwa dala 1.50 a farkon daren. Masu son ficewa suka ci da kashi 51.9. Abin lura shi ne ƙuri'un jin ra'ayi da dama sun nuna cewa an yi kankankan, wasu ma sun sa ficewa a gaba, kasuwa ce ta yi kunnen uwar shegu da su. Dillalan cacar sun bayyana cewa yawancin masu saka kuɗi ficewa suka zaɓa, amma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, manyan kuɗi kuwa ɓangaren zama suka tafi. A rumfar zaɓe attajiri da direban tasi ƙuri'a ɗai-ɗai gare su. A kasuwa mai fam dubu goma ya rinjayi mutum dubu masu fam biyar-biyar, kuma masu manyan kuɗin mutanen Landan ne da ke zaune cikin masu ra'ayi irin nasu.

Watanni kaɗan bayan haka kamfanin caca na Paddy Power ya biya waɗanda suka saka kuɗi a kan Hillary Clinton tun a watan Oktoba, don a ganinsa an gama. A daren zaɓen 2020 kasuwanni sun karkata sosai ga Trump da aka fara ganin sakamakon Florida, alhali masana sun yi ta gargaɗi tun kafin ranar cewa ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya, waɗanda yawancinsu na Biden ne, sai daga baya za a ƙirga su a jihohi irin su Pennsylvania. Ko bayan an ayyana Biden, an shafe makonni ana sayen Trump a kan wajen senti 10. A zaɓen rabin wa'adi na 2022 kasuwanni sun miƙa Majalisar Dattawa ga 'yan Republican, 'yan Democrat suka riƙe abarsu. Da aka zo zaɓen Fafaroma a Mayun 2025, Pietro Parolin kasuwa ta sa a gaba, Robert Prevost da ya fito a matsayin Leo na 14 yana can ƙasa, kusan babu mai tayawa. Inda babu bayanin da ke fitowa fili, kasuwa jita-jita take sa wa farashi.

Sai matsalar mutum ɗaya mai ƙaton jari. A 2012 wani ya riƙa zuba kuɗi a kan Mitt Romney a kasuwar Intrade, ya riƙe farashinsa sama da inda yake a sauran kasuwanni, ya tafka asarar miliyoyin daloli. A 2024 wani Bafaranshe da ya kira kansa Théo ya zuba dala miliyan 30 ko fiye a kan Trump ta asusu daban-daban, kuma an ƙiyasta ribarsa a kusan dala miliyan 85. Shi ake kafa hujja da shi cewa kasuwa ta fi ƙuri'ar jin ra'ayi. Amma da 'yan jarida suka tambaye shi daga ina ya samo ƙwarin gwiwa, cewa ya yi biya ya yi aka gudanar masa da ƙuri'ar jin ra'ayi ta kansa, aka tambayi mutane wa suke ganin maƙwabtansu za su zaɓa, don ya kewaye masu jin nauyin furta sunan Trump. Gwarzon kasuwar ma wajen masu tambayar mutane ya je ya sayo iliminsa. Galibin masu cinikin nan ƙuri'un jin ra'ayin suke karantawa, su haɗa da labarai da nasu son zuciya. In ka ɗauke musu su, farashin ya zama shaci-faɗi.

Kuma a riƙe wannan: kashi 60 ba nasara ba ce. Ma'anarta in za a maimaita zaɓen sau goma, wanda aka ba 40 zai ci sau huɗu. Zaɓe ɗaya bai isa ya nuna cewa mai cewa 60 ya fi mai cewa 50 ƙwarewa ba.

Abin da ake tsinta a intanet

Nan ne aka fi cika baki, nan ne kuma aka fi jin kunya. A 2010 wasu masu bincike a Jamus suka ƙirga saƙonnin Twitter kusan 100,000 da aka rubuta kafin zaɓen ƙasar na 2009, suka ce yawan ambaton kowace jam'iyya ya yi daidai da kason ƙuri'un da ta samu. Labarin ya zaga duniya. Wasu masanan suka sake lissafin, suka gano cewa an cire wata ƙaramar jam'iyya ta matasa masu rajin 'yancin intanet, Pirate Party, daga cikin ƙidayar. Da an bar ta, ita ce za ta zo ta ɗaya a Twitter, alhali kashi 2 ta samu a akwati. Google ma ya ɗanɗana kuɗarsa: a 2008 ya fito da manhajar hasashen yaɗuwar mura daga abin da mutane ke bincikawa, a 2013 ta yi hasashen kusan ninki biyu na gaskiya, a 2015 aka rufe ta.

Wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san ba a yanke ciniki da abin da aka gani a bakin buhu. Dillali kan zaro ƙarfen nan mai rami da tsini, ya soka a gindin buhu, ya soka a tsakiya, ƙwayoyin su gangaro tafin hannunsa, ya hura, ya duba tsakuwa da ƙaiƙayi. Shafukan sada zumunta bakin buhu ne, kuma mai kaya ya san nan za a fara dubawa. Cibiyar Pew ta gano a 2019 cewa kashi 22 na manyan Amurkawa ne ke Twitter, kuma kashi 10 na waɗannan su ke rubuta kashi 80 na saƙonnin. Ƙara da asusun bogi, da waɗanda ake biya su yi ta yaɗa suna. Binciken Google kuma ba ya bambance masoyi da maƙiyi, duk wanda ya rubuta sunan ɗan takara an ƙirga shi, ko yabo ya zo nema ko abin fallasa. Manhajojin da ke auna ko saƙo yabo ne ko suka, da Turanci ma tuntuɓe suke yi, balle a kawo musu gatse da habaici irin na Bahaushe, inda «ai Baba ya gama mana komai» zai iya zama godiya, zai iya zama zagi.

Duk da haka kar a zubar da intanet gaba ɗaya, domin akwai bambanci tsakanin sauraren surutu da yin tambaya ta intanet. A 2012 an tambayi masu wasan Xbox wa za su zaɓa. Fiye da kashi 90 maza ne, yawancinsu matasa, taron da ko kusa bai yi kama da masu zaɓen Amurka ba. Masu binciken suka rarraba amsoshin gida-gida bisa shekaru, jinsi, ilimi, jiha da sauransu, suka ba kowane gida nauyinsa na haƙiƙa a cikin al'umma, sai ga hasashe da ya yi kusa da sakamakon. Da irin wannan dabara kamfanin ƙuri'ar jin ra'ayi na YouGov ya ce a 2017 Firaministar Birtaniya Theresa May za ta rasa rinjaye a majalisa, aka yi masa dariya, haka kuwa aka yi. Abin da ya yi aiki a nan shi ne an san su waye suka amsa, an kuma san su waye ba su amsa ba. Mai ƙirga «like» bai san ko ɗaya ba.

Tsohuwar hanya

Ƙuri'ar jin ra'ayi ce kaɗai cikin ukun ke zuwa wajen mai zaɓe ta tambaye shi. Darasinta na farko tun 1936 aka koye shi. Mujallar Literary Digest ta aika katuna miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban Amurka. Sunayen kuwa daga kundin masu tarho da masu mota ta kwaso su, a lokacin da talaka ke fama da matsin tattalin arziki. George Gallup da mutum kusan 50,000 ya ce Roosevelt ne, kuma Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. In an zaɓo su da kyau, mutum 1,000 sun isa su ba ka alƙaluman da kuskurensu bai cika wuce maki 3 sama ko ƙasa ba.

Ciwonta a yau shi ne mutane sun daina ɗaukar waya. A Pew, masu amsawa sun sauko daga kashi 36 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018, kuma wanda ke yarda ya ɓata minti goma sha biyar yana amsa wa baƙo tambayoyi ba lallai ra'ayinsa ya zo ɗaya da na wanda ya katse kiran ba. A 2016 ƙuri'un matakin ƙasa ba su yi nisa da gaskiya ba, Clinton ta fi Trump da kusan ƙuri'a miliyan 3. A jihohi aka yi ɓarin, inda da yawa ba su daidaita amsoshi da matakin ilimi ba, masu digiri suka yi yawa a ciki, Trump ya sulale da Michigan, Wisconsin da Pennsylvania da ratar da ba ta kai 80,000 ba in an haɗa. Sau uku a jere, 2016, 2020 da 2024, an raina yawan masu zaɓensa. Ann Selzer, mai gudanar da ƙuri'ar jin ra'ayi da a lokacin ake ji da ita a jihar Iowa, ta ba Harris ratar maki 3 a jihar ana saura kwanaki, Trump ya ci da 13. Shi ya sa ƙuri'a ɗaya tilo, ko ta wane gwani ce, ba abin rataya ba ce. Matsakaicin da aka fitar daga guda goma ko ashirin ya fi kowace ɗaya a cikinsu aminci.

To wanne za a ɗauka?

In zaɓen Amurka ne ko Birtaniya ko Faransa, inda ake yin ƙuri'un jin ra'ayi barkatai kuma kasuwa na da kuɗi, ni matsakaicin ƙuri'un nake sa wa gaba, in leƙa kasuwa don ganin yadda wani sabon lamari ya girgiza mutane kafin alƙaluma su iso. Idan biyun suka raba hanya sosai, sai in nemi dalili: akwai labarin da masu tambaya ba su riska ba tukuna, ko kuwa wani mai ƙaton jari ne ya shigo? A daren ƙidaya ba na kallon farashi, gara in san waɗanne yankuna aka ƙirga, waɗanne suka rage. Google Trends, mai nuna abin da mutane ke yawan bincikawa, da shafukan sada zumunta kuwa suna da amfani ga mai son sanin wace magana ce ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya a wannan makon, ko wane ɗan takara ne sunansa ya fara shiga kunnuwa. Ban da wannan ba na tambayarsu komai.

Zaɓen Najeriya na 25 ga Fabrairu 2023 ya nuna yadda lissafin ke sauyawa a inda wayar zamani ba ta game hannu ba. Wanda ya auna da Twitter ya ba Peter Obi kujerar tun kafin a buga takardun ƙuri'a. Kamfanin Premise Data ya yi wa Bloomberg ƙuri'a ta manhajar waya, ta ba Obi kusan biyu bisa uku na waɗanda suka yanke shawara. Ta gidauniyar ANAP da NOIPolls, wadda aka yi ta kiran waya, ita ma Obi ta sa a gaba da kashi 21, sai dai fiye da rabin waɗanda aka tambaya ko dai ba su tsayar da shawara ba ko sun ƙi faɗa, kuma kanun labarai suka tsallake wannan. A alƙaluman INEC Bola Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar miliyan 6.98, Obi miliyan 6.10, Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan 1.5, wanda kusan miliyan ɗaya daga ciki Kano ce ta ba shi. Atiku da Obi sun ƙalubalanci sakamakon har Kotun Ƙoli, ta tabbatar da Tinubu a Oktoban 2023, kuma rashin ɗora sakamako a kan lokaci a shafin hukumar ya bar wa mutane da yawa shakku. Wannan ma wani gibi ne da ba ɗaya cikin hanyoyin uku da ke iya cikewa, domin niyyar mai zaɓe suke aunawa, ba abin da zai faru tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako ba.

Surutun intanet bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, Obi ya ci Legas da Abuja, abin da tsofaffin 'yan siyasa suka rantse ba zai yiwu ba. Abin da bai gani ba shi ne matar da ke Ɓaure ko Gwadabawa mai jin siyasa ta rediyo, da zauren WhatsApp na unguwa da babu manhajar da ke iya leƙawa, da maganar da ake yankewa a majalisar dattawan gari bayan isha'i. A ganina kamfanin Stears ne ya fi kowa kama bakin zaren, da ya ce in jama'a suka fito sosai Obi ne, in fitowar ta yi ƙasa Tinubu ne. Ana cikin ƙarancin takardun naira da na fetur, kusan kashi 27 kacal na masu rajista miliyan 93 suka jefa ƙuri'a.

Saboda haka a zaɓe irin namu, kasuwar caca ita ce ta baya. In ma an buɗe ta, 'yan tsirarun masu cinikinta yawanci ba su taɓa tsayawa layin rumfa a nan ba, kuma kuɗin da ɗan siyasa ke kashewa a gangami ɗaya ya isa ya murɗa farashin ya samu kanun labarai. Wadda ta fi cancanta a saurara ita ce ƙuri'ar da aka yi gaba da gaba, gida-gida, birni da ƙauye, cikin harshen mai amsawa, irin yadda cibiyar bincike ta Afrobarometer ke yi. A Janairun 2015 ta ce PDP da APC sun yi kunnen doki, 42 da 42, lokacin da mutane da yawa ba su yarda ana iya kayar da shugaba mai ci ba, kuma Muhammadu Buhari ya ci a ƙarshen Maris. A haɗa wannan da sakamakon zaɓukan baya na kowace ƙaramar hukuma.

Duk ƙuri'ar da aka turo maka a waya, ka nemi wanda ya biya kuɗinta, da ranakun da aka yi ta, da hanyar da aka bi aka samu mutanen, da yawan waɗanda suka ƙi amsawa. In an ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan, takardar kamfe ce. Ka kuma yi hattara da taswirar jiha-jiha. Tsarin mulki ya ce ban da rinjaye, sai ɗan takara ya samu kashi 25 a biyu bisa uku na jihohi, don haka kowa na son ganin taswira mai launi. Amma in an tambayi mutum 2,000 aka raba su ga jihohi 36 da Abuja, kowace jiha ta tashi da mutum 54 ke nan, kuma da mutum 54 ake so a faɗa maka abin da Kano mai ƙananan hukumomi 44 za ta yi.